Filin Tambayoyin Manoma: Ganyen Alkama Ya Fara Ɗorawa, Tsufa Ne Ko Ciwo?

Wasiƙun masu noman rani na wannan karon kusan duk a kan ganyen alkama suke: yaushe ya kamata ya bushe, yaya ake gane ya daina aiki, kuma da me ake aunawa. Mun zaɓi shida, malaman gona da masu nazarin tsirrai da ke kula da wannan fili suka amsa.

Tambaya: Bana ganyen ƙasa na alkamata ya fara zama ruwan ɗorawa tun zangarniya ba ta gama fita ba, alhali gonar maƙwabcina tana nan kore shar. Tsufa ne ko wani abu ya same ta? Ba ni da wata na'ura. (Manomi daga Kadawa, jihar Kano)

Amsa: Malam, ganyen alkama ba ya tsufa a tare. Na gindi ne ke fara tafiya, domin na sama sun tare masa rana, sai shukar ta kwashe abin da ke cikinsa ta kai sama. Ganye biyu ko uku na ƙasa su bushe ba abin tayar da hankali ba ne. Wanda za ka zuba wa ido shi ne na ƙarshe, wanda ke ƙarƙashin zangarniya, ganyen tuta ke nan, sai wanda ke bi masa. Su biyun nan da ita kanta zangarniyar da gashinta su ke ciyar da ƙwaya.

Zare da littafi sun ishe ka awo. Fara da rubuta ranar da rabin zangarniyoyin gonar suka yi fure, wato ka ga ɗan bununi mai ruwan ɗorawa yana reto a tsakiyarsu. Daga wannan rana ake ƙirga komai, ba daga ranar shuka ba. A ranar ka ɗaura zare mai launi a kan kara 20, manyan karan gindi ba 'ya'ya ba. Ka nisanci bakin fangali da aƙalla mita ɗaya, ka guji bakin kwata, saboda shukar wurin ta fi samun ruwa da iska, za ta yaudare ka. Duk kwana uku ko huɗu ka koma wa karan nan ka ba ganyen tutar kowane maki: 0 idan kore ne baki ɗaya, 1 idan kashi ɗaya cikin goma ya yi ɗorawa ko ya bushe, 5 idan rabi ne, 10 idan ya mutu duka. Haɗa makin ka raba da 20. Mutum ɗaya ya riƙa bayar da makin, don abin da kai za ka kira 3 ɗanka zai iya kiran sa 5.

A gona mai lafiya makin yakan tsaya tsakanin 0 da 1 kamar mako biyu bayan fure, sannan ɗorawar ta taso daga tsinin ganye a hankali, a kwanaki bakwai zuwa goma na ƙarshe kuma ta ruga gaba ɗaya. Idan ka ga 5 tun ba a yi mako biyu da fure ba, ba tsufa ba ne kawai.

Yadda ɗorawar ta zo yakan nuna dalilinta. Idan daga ƙasa ta hau, gonar duka ta yi fari-fari, karan sirara, 'ya'ya kaɗan, yunwar naitirojin ce, abin da yuriya ke bayarwa. Idan sabon ganyen sama ne ya koɗe na ƙasa yana kore, a fi zargin ƙarancin salfa, musamman a ƙasa mai yashi. Shafa ganyen da yatsa: in gari ruwan goro ya maƙale maka, tsatsa ce. In danƙo ka ji, darɓa ce, duba bayan ganye da cikin zangarniya za ka ga ƙwarin. In kuwa ɗorawar fage-fage take, a inda ruwa ke kwana, saiwa ce ta rasa iska. Karan da ya bushe shi kaɗai a tsakiyar masu lafiya, ka ja shi: in ya tugo ba wuya, gara ta ci gindinsa. Tunda ka ce tun kafin fure ne, in gonar duka ce, mu dai yunwar taki muka fi zato.

Tambaya: Ina aikin digiri na biyu a kan alkama, ina amfani da na'urar SPAD-502. Ganye ɗaya sai ya ba ni 48, in sake ya ba ni 39. Na'urar ce ta lalace? (Ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Da wuya, Malama. Wannan na'ura ta kamfanin Konica Minolta tana haska ganye da haske iri biyu: ja mai tsawon nanomita 650, wanda kulorofil, wato sinadarin da ke sa ganye kore, ke shanyewa, da wani na nanomita 940 da ido ba ya gani, wanda kulorofil ba ya taɓawa. Bambancin abin da ya ratsa ganyen shi take juyawa ya zama lamba. Amma idonta milimita 2 ne sau 3 kacal. Kin gusa da faɗin farce, wani wuri kike aunawa.

Saboda haka wurin awo ya zama ɗaya kullum: tsakiyar tsawon ganyen tuta, tsakanin jijiyar tsakiya da gefe. Jijiyar tana da kauri kuma ba ta da kore sosai, in ta shiga idon na'urar lambar ta ɓaci. In kin matsa gefe ainun, haske ya zagaye ganyen ya shiga. Kafin farawa ki matse bakin na'urar babu komai a ciki don ta daidaita kanta, ki sake yin haka duk lokacin da aka kashe ta aka kunna. Ki juya wa rana baya inuwarki ta rufe ganyen. Ki jira raɓa ta bushe.

Akwai kuma wani abin lura: ƙurar hunturu. A watan Janairu da Fabrairu ganye yakan ɗauki ƙura har ki iya rubutu a kansa, ita ma tana tare haske. Goge wurin da za ki auna da auduga busasshiya ba tare da murzawa ba, ki kuma duba ƙaramar tagar na'urar bayan kowane fuloti.

Ganyen tuta mai ƙoshin taki lokacin fure yakan ba da tsakanin 45 da 55. Amma iri ya bambanta da iri, wani ganyensa ya fi kauri, don haka kada ki ce iri mai 52 ya fi mai 47 lafiya. Abin da ke da ma'ana shi ne yadda lambar kowane iri ke sauka daga inda ta fara. Ki auna ganye 10 aƙalla a kowane fuloti, waɗanda kika ɗaura wa zare, a kusan sa'a ɗaya ta yini kowane zuwa. Da tsufa ya kankama ganyen zai yi dabbare-dabbare, tsini ya mutu gindi yana kore, awo ɗaya a tsakiya ba zai wadatar ba. Daga nan ki riƙa ɗaukar uku, kusa da gindi, tsakiya da kusa da tsini, ki fitar da matsakaici.

Masu duba aikinki za su iya tambayar nawa ne ainihin kulorofil ɗin, domin lambar SPAD ba ta da ma'auni. Ki ɗebi ganye kamar 30 tun daga kore shar zuwa ɗorawa, ki auna kowane, sannan ki huda daidai wurin da abin huda takarda. Mai faɗin milimita 6 yana fitar da santimita murabba'i 0.28, goma su ba da 2.8. Ki niƙa su a turmin ɗakin gwaji da asiton mai ƙarfin kashi 80 cikin ɗari har mililita 10, ki tace, ki naɗe kwalbar da takardar gwangwani ki sa a sanyi, don haske da zafi suna lalata kulorofil nan da nan. Ki karanta a sifektirofotomita, na'urar da ke auna hasken da ruwan ya shanye, a nanomita 645 da 663. Tsohon lissafin Arnon na 1949 shi ne: 20.2 sau karatun 645, a haɗa da 8.02 sau karatun 663, ya ba ki miligiram a lita. Ki ninka da 0.01, wato mililita 10 ɗin a lita, ki raba da 2.8, ya ba ki miligiram a kowace santimita murabba'i ta ganye. In kin zana jadawalin za ki ga layin ba miƙaƙƙe ba ne, yana lanƙwasa a sama: a ganye mai tsananin kore na'urar ba ta ƙara tashi sosai ko da kulorofil ya ƙaru.

Tambaya: Wani manomi da nake kula da shi ganyen alkamarsa ya daɗe yana kore, muka sa rai, amma da aka casa ƙwayar duk ta motse. Ina abincin ya tafi? (Malamin gona daga Haɗeja, jihar Jigawa)

Amsa: Abokin aiki, kore daban, aiki daban. Kulorofil kama haske yake yi. Mai ɗaukar iskar kabon ya mai da ita sukari wani furotin ne, Rubisco, kuma shi ne babban rumbun naitirojin a ganye. Da ƙwaya ta fara neman furotin, shi shukar ke fara warwarewa ta aika mata. Mafi yawan naitirojin da ke cikin ƙwayar alkama daga ganye da kara aka kwaso shi, ba daga ƙasa bayan fure ba. To Rubisco yakan fara raguwa launi bai motsa ba tukuna. Ganyen ya zama kamar shagon da aka kwashe kaya da dare, allon ƙofa yana nan.

Mai nuna wannan kai tsaye ita ce na'urar auna musayar iska, irin su LI-6400 da LI-6800 na kamfanin LI-COR. Ana matse ganye a ɗan akwati, a tura iska mai sanannen adadin kabon, a ga nawa ya rage. Ganyen tuta mai lafiya lokacin fure yakan sha maikiromol 20 zuwa 30 a kowace mita murabba'i a daƙiƙa. Ana aunawa tsakanin ƙarfe tara da rabi da sha biyu, a tsayar da hasken fitilar akwatin kamar a 1500, kabon a 400 ko 420, laimar iska kashi 50 zuwa 60, a jira minti biyu ko uku lamba ta nutsu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne faɗin ganye. Akwatin LI-6400 na yau da kullum santimita 2 ne sau 3, wato 6, ganyen alkama kuwa ba ya cika shi. Ganye mai faɗin 1.5 ya rufe 4.5 ne kawai. In ba a gyara wannan a na'urar ba, sakamakon ya ragu da kashi ɗaya cikin huɗu, a ɗora wa ganye laifin da ba nasa ba.

Kada a tsaya kan lamba ɗaya. Na'urar tana kuma ba da buɗewar ƙofofin numfashin ganye da adadin kabon da ke cikinsa. In aikin ya faɗi, ƙofofi sun tsuke, kabon na ciki ya ragu, ƙishirwa ce ko busasshiyar iska, ruwa zai iya dawo da shi. In aikin ya faɗi amma kabon na ciki yana nan ko ya ƙaru, iska na shiga babu mai amfani da ita. Wannan tsufa ne, ba ya komawa.

Wannan na'ura ta cibiyoyin bincike ce, tsadarta ta wuce ofishin malamin gona. Abin da za ka iya riƙewa shi ne ma'aunin zafi mai kama da bindiga, na masu gyaran inji, ba na goshi da aka yi yayi lokacin korona ba, sai in yana da saitin auna kaya. Ganye mai aiki yana fitar da tururin ruwa, don haka a busasshen yanayinmu yakan fi iskar wurin sanyi da 'yan digiri. Auna tsakanin sha ɗaya da biyu na rana, ba iska, rana a bayanka, ka karkata shi kamar digiri 30 yadda ganye zai cika idonsa ba ƙasa ba. Ranar da hazo ya rufe rana, bar shi.

A gonar mutuminka kuwa, tambaye shi ranar shuka. Ita ƙwayar ma tana da nata rauni: sinadarin da ke haɗa sitaci a cikinta ba ya jure zafi, ya haura digiri 30 sai aikinsa ya ja baya, ko da ganye yana aiko da sukari. Sannan alkama zafi take ƙirgawa ba kwanaki ba. Haɗa mafi zafin yini da mafi sanyin dare ka raba biyu, ka riƙa tarawa daga ranar fure. A ce wani iri yana buƙatar 600 kafin ya ƙosa. Da rana 30 dare 14, kullum 22 ke nan, ya samu kwana 27 yana cika ƙwaya. Da rana 36 dare 20, kullum 28, kwana 21 kacal. Wani nazari da aka wallafa a 2012 kan gonakin arewacin Indiya, da hotunan tauraron ɗan Adam, ya nuna zafin da ya wuce digiri 34 yana gaggauta bushewar alkama fiye ma da abin da irin wannan lissafi ke nunawa. Shi ya sa ake nanata shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba. Irin da muke nomawa, kamar Norman da Reyna-28, kan yi fure wajen wata biyu bayan shuka. Wanda ya jira ya gama da shinkafa ya shuka a ƙarshen Disamba, ƙwayarsa za ta cika ne a Maris, lokacin da zafin rana a Kano da Jigawa ke haura 35. Don tabbatarwa, ƙirga ƙwaya 1000 busassu ka auna: mai kyau takan kai giram 35 zuwa 45.

Tambaya: Ganyen tuta ya fara ɗorawa, ƙwaya tana nono. In watsa yuriya ya farfaɗo? (Manomi daga Talatar Mafara, jihar Zamfara)

Amsa: Riƙe kuɗinka, Alhaji. Ganyen da ya fara warwarewa taki ba ya gina shi, kuma saiwa ta rage sha a wannan mataki. Yuriyar da aka ba da dab da fure takan ɗan ƙara furotin a ƙwaya, buhu dai ba ta cika ƙara shi ba. Fesa ta a ganye cikin zafi ma ƙona shi take yi. Lokacinta shi ne sa'ad da shuka ke fitar da 'ya'ya da sa'ad da kara ya fara gaɓa. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da naitirojin kilo 23, na kamfa 15-15-15 kuwa kilo 7.5, da wannan za ka lissafa abin da malamin gonarku ya ba ka na hekta. Baɗi ka ware fangali ɗaya ka ƙosar da shi da taki. Duk lokacin da sauran gonar ta fi shi koɗewa kafin alkama ta ɗauki ciki, tana neman ƙari. Masu SPAD kan ƙara in gona ta faɗi ƙasa da kashi 90 zuwa 95 na lambar wannan fangali.

Tambaya: Muna gwada iri 40 don zaɓen masu jure zafi. Auna ganye ɗaya-ɗaya ya yi mana yawa. GreenSeeker ta isa, ko mu nemi na'urar Fv/Fm? (Ma'aikacin gonar gwaji daga Maiduguri)

Amsa: Ga iri 40, GreenSeeker. Tana haska shuka da fitilarta ta auna ja da hasken da ido ba ya gani da suka dawo, ta ba da NDVI, wato lambar da ke nuna yawan koren shuka. Tunda haskenta take amfani da shi, hazo bai cika damun ta ba. Ƙasa tsirara takan ba da 0.1 zuwa 0.2, alkama da ta rufe ƙasa 0.7 zuwa sama da 0.8, in ta nuna ta sauko wajen 0.2 zuwa 0.3. Riƙe ta santimita 60 zuwa 120 a saman shuka, tsayi ɗaya kullum, ka bi tsakiyar fuloti da tafiya ɗaya, sau biyu a mako daga fure. Ga kowane iri fitar da abu biyu: ranar da lambar ta fara gangarowa da saurin gangarowar. Ciyawa tana ɗaga lambar, alkamar da ta kwanta tana ɓata ta, a rubuta su a gefe.

Babban tarkon shi ne ranar fure. Irin da ya makara da mako ɗaya dole ya fi sauran kore a rana ɗaya, ba don ya fi jure zafi ba. Masu kiwon iri, har da na cibiyar binciken masara da alkama ta CIMMYT da ke Meziko, suna gyara wannan ta ƙirga wa kowane iri daga ranar furensa, ko su kwatanta waɗanda suka yi fure tare kawai.

Fv/Fm tana auna lafiyar ɓangaren da ke kama haske. Ana maƙala wa ganye ɗan maƙali ya zauna a duhu minti 20 zuwa 30, sannan a walƙa masa haske. Mai lafiya yakan ba da 0.80 zuwa 0.83. Tana da amfani wajen gano ɓarnar zafi mai tsanani, amma a tsufa na yau da kullum takan tsaya daram har sai ganye ya kusa mutuwa, saboda haka ba ta gargaɗi da wuri.

Kuma kada ku zaɓi iri don daɗewar kore kawai. A 2006 aka gano ƙwayar halittar NAM-B1, daga alkamar daji, wadda ke gaggauta tsufan ganye amma ta ƙara furotin da zinki da sinadarin ƙarfe a ƙwaya. Irin da ya ƙi sakin naitirojin ɗinsa yakan bar shi a kara, dabbobi su samu, masu fulawa su yi ƙorafi. Duk irin da NDVI ta yaba, a auna nauyin ƙwayarsa da furotin kafin a yanke hukunci.

Tambaya: Yaushe zan daina ban ruwa? Man inji ya yi tsada. (Manomiya daga jihar Kebbi)

Amsa: Hajiya, ƙwayar za ki tambaya tare da ganyen. Ciro daga tsakiyar zangarniya ki matse. In farin ruwa ya fito, nono take, yanke ruwa yanzu shi ne asara mafi girma, domin ƙishirwa za ta kashe ganyen tuta cikin 'yan kwanaki. In ta yi laushi kamar ƙullu, ba ruwa, lokacin ban ruwan ƙarshe ke nan a ƙasa mai laka. A ƙasa mai yashi da ba ta riƙe danshi, ƙara ɗaya bayan wannan. Da zarar wuyan da ke riƙe da zangarniya ya koma ruwan ɗorawa, hanyar abinci ta rufe, ƙwaya ta gama cika, ko da wani ganye yana da sauran kore. Ruwan da aka zuba bayan nan ciyawa zai amfana, ya kuma jinkirta girbi.

Ki guji ban ruwa ranar iska mai ƙarfi, saboda kan ya yi nauyi, ƙasa ta jiƙe, alkama ta kwanta. A lokacin da wuyan ya yi ɗorawa ƙwayar tana da danshi kamar kashi 35 zuwa 40, ba ta isa yanka ba. Jira har farce ya kasa lotsa ta, in an ciza ta ce ƙaras, sannan a shanya bayan sussuka danshin ya sauko kashi 12 zuwa 13 kafin a ɗinke buhu.